Yadda Aka Raba Rafi a Izbat Dabbus

A Izbat Dabbus akwai doka guda da ba a rubuta ta a ko'ina ba, kuma ita kaɗai ce ba a taɓa karyawa ba: duk abin da ya shigo garin a motar gwamnati, gida-gida ake raba shi. Sukari gida-gida, man girki gida-gida, takin zamani gida-gida, har da gidajen da ba su da gonar da ta kai tafin hannu. Shekarar da aka kawo jan bulo don a gina ɗakin shan magani, kafin magina su iso kowane gida ya kwashi nasa. Ba wanda ya kira wannan sata, domin a gaban Umda, wato mai gari, aka yi, da rana tsaka, bayan an yi salati. Har yau mai ciwon ciki sai ya hau jaki zuwa birni, amma kowane gida na da murhu mai kyau. Mutanen garin suna kiran wannan adalci. Kalmar ba ta da laifi, bakin da ke faɗarta ne ke buƙatar wanki.

Bayyumi Shihata, wanda ake kira Abu Salama da sunan babban ɗansa, shi ne mai gona ta ƙarshe a kan rafin garin. Rafin haƙo shi aka yi daga reshen kogin Nilu. Yakan shayar da gonar Umda da farko, sannan ta dangin Umda, sannan ta sauran bayin Allah, in ya yi saura ya bi ta wani bututu a ƙarƙashin hanya ya shiga ɗan fegin Bayyumi. A wannan karo shinkafa ya dasa a fegin, ita ce kuma abincin gidansa na shekara. Shinkafa ba ta san haƙuri ba. Ko dai ƙafarta tana cikin ruwa, ko a yi mata jana'iza.

To, a wannan shekarar ce kainuwa ta ci rafin. Kainuwar nan mai fure shuɗi-shuɗi, wadda 'yan birni ke yi wa kirari da furen Nilu saboda ba a gonarsu take ba. Ta rufe shi baki da baki har kaji na bi ta kanta su tsallaka. In zagayen ban-ruwa ya zo kan garin aka ɗaga ƙofar rafi, sai ruwa ya riƙa jan ciki a ƙarƙashinta kamar tsoho mai ciwon baya, ya ƙare a hanya kafin ya ga bututun Bayyumi. Masu gonaki a kan gaba ba su damu ba, nasu na isa. Bayyumi ne ya yi ta sintiri zuwa ofishin ban-ruwa a birni, har mai gadin ƙofa ya soma tambayarsa lafiyar 'ya'yansa da sunayensu.

Ran nan sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidan Umda, Hajji Dasuƙi, ta sauke duro biyu shuɗɗa, kowanne da hoton ƙoƙon kan mutum a jikinsa. Da su aka zo da injiniya, wani saurayi mai farin takalmi da ake kira Ra'afat. Umda ya sa aka yanka tattabaru aka cusa musu shinkafa, aka kawo gurasa mai mai da zuma da tsohon cuku. Bayyumi na tsugune a bakin ƙofa yana jin abin da injiniyan ke faɗa tsakanin loma da loma.

"Wannan dafin kashe kainuwa ne, Hajji. Ranar Asabar za a kawo kwalekwale da injin feshi, a bi rafin daga kai har wutsiya a fesa shi gaba ɗaya. In ba gaba ɗaya ba, aikin banza ne. A ajiye su a inuwa, kada kowa ya taɓa."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Umda. "Ƙara wannan tattabarar, ai ba ka ci komai ba."

Bayyumi ya koma gida yana murmushi shi kaɗai, har matarsa Nabawiyya ta tambaye shi ko kuɗi ya tsinta.

Kafin la'asar labari ya gama gari: kayan gwamnati na gidan Umda, kuma ba a kira kowa ba. Da farko mutum biyu suka zo gaisuwa. Sannan goma. Kafin a jima tsakar gidan ta cika da masu gaisuwa, kowa da kwalba ko gwangwani a ɓoye cikin hannun riga. Umm Zaglul ce ta fasa ƙwan, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda ba a taɓa rabo a garin ba ta nan ba.

"Umda, mun ji gwamnati ta tuna da mu."

"Ba naku ba ne, Umm Zaglul. Na rafi ne."

"Rafi na da baki? Rafi na da marayu?"

Mi'awwad wanzami ya yi gyaran murya. "A garin surukaina haka aka ce da taki, wai na gwaji ne, kada a taɓa. Da gari ya waye aka gan shi a gonar Umdansu. Ni ban ce komai ba fa, Hajji. Labari kawai na bayar."

Fuskar Umda ta canza. Hajji Dasuƙi ya gwammace a ce ya kashe rai da a ce ya ci shi kaɗai. Bayyumi ya ga inda maganar ta dosa, ya kutsa tsakiyar mutane ya tsaya gaban duron ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah! Wannan ba sukari ba ne. Ku dubi hoton da ke jiki. In kuka raba shi me za a fesa ranar Asabar? Shinkafata ta soma rawaya!"

Hindawi, ƙanin matar Umda, wanda gonarsa ke kusa da ƙofar rafi, ya matso a hankali yana jan carbi.

"Abu Salama, kwantar da hankalinka. Rafin nan na wa ne?"

"Na kowa ne."

"Maganin fa?"

"Na rafi."

"To ka ji. Magani na rafi, rafi na kowa. A ba kowa nasa. Da bakinka ka faɗa, ga shaidu."

Aka yi kabbara kamar an ci garin arna. Wani daga baya ya ce dama Bayyumi so yake a zuba dukiyar gari gaba ɗaya don gonarsa shi kaɗai ta sha, ka ga son kai. Umda ya aika aka ɗauko moɗa, aka ba Mi'awwad awo saboda hannunsa ba ya rawa, aka yi salati, aka fara kiran gidaje bisa girma.

Bayyumi ya koma gefe ya rantse ba zai karɓi ko ɗigo ba. Nabawiyya ta zo ta bayansa ta tura masa kwalba a hannu.

"In ba ka karɓa ba, Hindawi zai ce a ƙara masa naka. Ka zaɓa."

Gaskiya ba ta da daɗi, amma sai an faɗe ta. Bayyumi ya shiga layi. Da aka zo kansa kuma ya ga moɗar ba ta cika ba, muryarsa ce ta fi ta kowa tashi. "Cika ta, Mi'awwad! Na ga yadda ka cika wa Hindawi har tana zuba!" Ɗan garin ne shi ma, ruwan rafin nan ya sha ya girma.

Ranar Asabar kwalekwale ya iso a bayan mota, da injin feshi da ma'aikata. Injiniya Ra'afat ya ƙwanƙwasa duro na farko ya ji ya amsa kamar ganga. Na biyun ma bai same shi ba, an wanke shi an kai bayan gida ana zuba dusa.

"Hajji, ina maganin?"

"Ya isa hannun jama'a lafiya, ranka ya daɗe. Ba gidan da aka tsallake."

Injiniyan ya dubi Umda, ya dubi farin takalminsa, ya dubi sama. Daga nan ya ce kason garin na bana ke nan, babu wani. In sun tara shi wuri guda su aiko, a dawo da kwalekwale. Ya ci abinci, domin an riga an yanka, ya tafi.

Washegari Bayyumi ya ɗauki jarka ya fara bin gidaje. Ya fara da Mi'awwad, ya same shi yana wasa aska.

"Wallahi da ka zo jiya, Abu Salama. Na yayyafa rabinsa a katifa saboda kuɗin cizo. Sauran kuma na ajiye, kar su dawo."

"Sun mutu?"

"Ba su mutu ba, amma mu mun koma kwana a soro."

Umm Zaglul ba ta ma bari ya zauna ba. Ta ce ta sa tata kwalbar a ƙasan akwati tare da kayan auren jikarta, ajiya ba ta ruɓewa, kuma ba a san ranar da abin zai yi tsada ba. Gida na gaba suka ce za su bayar in gidan da ke kallonsu ya fara bayarwa. Gidan da ke kallonsu suka ce tun rikicin iyakar gona na zamanin kakanni ba sa zuba komai a mazubi ɗaya da waɗancan. Wani manomin kuma ya ɗauka duk abin da ake fesawa maganin tsutsa ne, ya fesa wa audugarsa, ganyen ya murɗe kamar hannun kuturu, shi kuwa da ya hango Bayyumi sai ya fito da sanda, wai shi ne ya jawo wa gari wannan annoba. Hindawi ya ba shi shayi mai kauri, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce lallai magana ce mai muhimmanci, za a duba.

Da yamma jarkar ta dawo gida yadda ta fita. Bayyumi ya bi ta gonarsa. Ƙasa ta fara tsagewa tsakanin layukan shinkafa, bakin ganye ya ƙone. Zagayen ruwa na gaba yana tafe cikin 'yan kwanaki. In ya wuce bai sha ba, magana ta ƙare.

A nan ne dabara ta zo masa, kuma ya ji daɗin kansa ƙwarai da ta zo. Mutanen nan ba su san tarawa ba, rabawa suka sani. To a bi su ta inda suka iya.

Ranar Juma'a bayan an sallame, kafin mutane su gama neman takalmansu, ya miƙe a ƙofar masallaci.

"Umda, ina da magana. An raba magani, na yarda, adalci ne. Amma akwai abin da ya rage ba a raba ba."

Duk wanda ya sa ƙafa ɗaya a takalmi ya tsaya a haka.

"Mene ne?" in ji Umm Zaglul daga bayan katanga.

"Rafin. A raba rafin gida-gida. Kowa ya san kasonsa, ya zuba maganinsa a kai. Ranar da za a saki ruwa, wanda aka ga kainuwa a kasonsa, shi da kunyarsa."

Ba a taɓa karɓar shawara a Izbat Dabbus da irin wannan murna ba. Hindawi da kansa ya rungume shi ya ce ashe akwai kai a ƙarƙashin hular nan. Aka kawo igiya da turaku. Aka yini ana awo, ana faɗa a kan taku guda, ana rantse-rantse, ana sulhu. Mutanen da rafin bai taɓa damunsu ba sai ga su suna kumfar baki a kan inda kasonsu ya tsaya. Aka ba kowa wurin da ya fi kusa da gonarsa ko gidansa. Bayyumi ya samu na ƙarshe, daga tsohuwar bishiyar durumi zuwa bakin bututu. Ya koma gida ya ce wa Nabawiyya ta kwantar da hankalinta, ya sa su a hanya ba su sani ba.

"Su wa ka sa a hanya?" ta ce. "Mutanen garin nan?"

Abu guda ya manta, kuma jaki ma ya san shi: gona in an raba ta tana nan inda take, rafi kuwa tafiya yake yi.

Safiyar da aka ɗaga ƙofar rafi, maza suka fito kowa ya tsaya a kasonsa. Bayyumi ya leƙa hannuwansu bai ga kwalba ko ɗaya ba. Gora ya gani, da dogayen sandunan dabino. Kwalba dukiya ce, an sha wuya kafin a same ta, wa zai zubar da dukiyarsa a ruwa? Gora kuwa kyauta ce. Barorin Umda ne suka fara. Suka sa gora suka yanko kainuwar kasonsu suka tura ta gaba, ruwa ya taya su. Ta shiga kason Hindawi. Hindawi ya yi salati, ya zagi barorin a hankali yadda Umda ba zai ji ba, ya haɗa da tasa ya tura gaba. Na gaba ya zagi Hindawi ya tura. Haka ta riƙa tafiya tana ƙara kauri, kamar garken tumaki kore ana kora shi kasuwa. Aka ɗauki waƙa. Mata suka kawo shayi bakin rafi. Tsofaffi suka ce rabonsu da ganin garin ya haɗa kai haka tun shekarar bulo.

Bayyumi ya bi gaɓa da gudu yana ihu.

"Ku fesa mata! Ba haka aka yi ba! Ku fitar da ita waje ko da hannu ne!"

"Waje ina?" in ji Mi'awwad, gora a hannu, gumi har gemu. "Gaɓar nan ma kasona ce, so kake ta yi mini wari? Matsa, Abu Salama, kar ta tafi da kai."

Kafin azahar rafin Izbat Dabbus na ƙyalli kamar madubi tun daga ƙofa har bishiyar durumi. Daga durumi zuwa bututu kuwa, kainuwar gari duka ta taru ta hau kan juna ta danne, har ta fi gaɓa tudu. Mutum zai iya takawa a kai da takalminsa bai jiƙe ba. Ruwa ya zo ya daki wannan bango ya koma da baya ya shige gonakin mutane, kowa ya sha ya ƙoshi.

Bayyumi ya tafi gidan Umda ko wanka bai yi ba. Ya same shi a kan benci da Hindawi, suna shan shisha.

"Hajji, sun turo mini ita duka."

"Wa ya kawo shawarar rabo, ɗana?"

"Ni ne, amma..."

"Kowa ya share kasonsa?"

"Sun share, amma a kaina suka share!"

"Abin da ke cikin kason mutum ai nasa ne, Abu Salama," in ji Hindawi, ya busa hayaƙi. "Tsakani da Allah, da kifi ne ya taru a wurinka haka, za ka rabo mana?"

Umda ya gyaɗa kai, ya ce magana ta fito, kuma ya kamata Bayyumi ya hanzarta, domin kasonsa ne kaɗai ya rage da ƙazanta, mutane sun fara magana.

Ya koma ya ɗauko kwalbarsa. Ya sirka ta da ruwa a garwa ya hau kan tulin ya yayyafa. Bayan kwana biyu wani wuri mai faɗin tabarma ya yi baƙi ya lanƙwashe. Abin da ya mutu ya nutse ƙasa ya ruɓe ya manne a bakin bututu kamar toshiya, sauran kuma ya ci gaba da fure. Shi da Nabawiyya suka shiga da lauje da hannu, ruwa har ƙirji, suna jawowa suna jibgewa a kan hanya, ƙaiƙayi na cin ƙafafunsu. Suna cire runguma guda wata na gangarowa ta cike gurbin. Sun kusa ganin bakin bututu ke nan zagayen ya ƙare, aka sauke ƙofar rafi, ruwa ya janye ya bar su tsaye cikin taɓo.

A makon ne injiniya Ra'afat ya wuce ta kan gada a mota. Daga gada ba a hango durumi. Ya ga ruwa na sheƙi, yara na iyo, ya sauko ya yi wa Umda hannu, ya ce bai taɓa ganin garin da ya yi amfani da magani da kyau haka ba, ko kwalekwale ba su nema ba. Umda ya ce ai haɗin kai ne. Aka yanka tattabaru.

Shinkafar Bayyumi ta tashi daga rawaya ta koma kalar tabarma. Ya bar ta kwana biyu yana zuwa yana dubawa, kamar mai jiran gawa ta yi atishawa. A rana ta uku ya kwance jamusarsu ta tatsa, wato baunar gida da ake kiwo kamar saniya, ya ja ta har cikin fegin ya sake ta, gara ta ci ta ba da nono. Ya zauna a kan kunya yana jin yadda take tsinkar abincinsu na shekara. Masu wucewa suka riƙa ɗaga masa hannu suna cewa Allah ya mayar da alheri, kuma da zuciya ɗaya suke faɗa, domin ba mugaye ba ne. Ba sai mutane sun zama mugaye suke kashe maƙwabcinsu ba. Ya isa kowa ya tsaya a kan haƙƙinsa.

Nabawiyya ta zo ta tsaya a kansa da tulu a ka.

"To me za mu ci?"

Bai ɗago ba. "Shinkafar Hindawi ta yi kyau bana. Zai nemi masu yanka."

"Kai za ka je ka roƙe shi?"

"Ke za ki je?"

Ta wuce gida da tulunta. Da la'asar ya wanke ƙafafunsa, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya bi gaɓar rafi ya nufi gabas. A hanya yana ta gwada gaisuwar a bakinsa, yana neman wadda ba za ta yi kama da roƙo ba. Har ya isa ƙofar Hindawi bai same ta ba, sai ya yi sallama da wadda ke akwai.